Amsoshin Tambayoyinku: Mata da maza na yumɓu a kan kaburburan sarakunan Japan

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau jakar wasiƙunmu ta kai mu nesa, har ƙasar Japan, kuma Japan ɗin ta shekara 1,500 da suka wuce. Wasiƙu ne suka taru a kan magana guda, shi ya sa muka ba su filin gaba ɗaya.

Ta farko daga Damagaram ta fito, daga wata ɗalibar jami'a. Ga abin da ta rubuto: "Na ga hotunan wasu mutum-mutumi na yumɓu masu ramukan idanu, an ce a kaburburan Japan ake samunsu. A ƙarƙashin kowane hoto an rubuta wannan mace ce, wancan namiji ne, ni kuwa duk fuskokin iri ɗaya na gani. Da me aka bambanta su?"

Malama, idonki bai yaudare ki ba. Fuskokin kusan ɗaya ne, kuma ba a fuska amsar take ba.

Sunan waɗannan mutum-mutumi haniwa. Daga tsakiyar ƙarni na 3 zuwa ƙarni na 7 na miladiyya, manyan Japan sun riƙa gina wa kansu kaburbura na tudun ƙasa, waɗanda ake kira kofun, kuma akwai wajen 160,000 daga cikinsu a faɗin ƙasar. Mafi girmansu, Daisen da ke birnin Sakai kusa da Osaka, tsawon tudunsa mita 486 ne, an kewaye shi da ramin ruwa har zagaye uku. Haniwa ba a binne su tare da gawa. A waje ake jera su, a kan tudun da gefensa, inda duk mai wucewa zai gan su. A nan suka sha bamban da sojojin yumɓu na sarkin Sin na farko, waɗanda aka rufe a ƙarƙashin ƙasa.

Yadda ake gina su ma yana da hannu a cikin abin da kika lura da shi. Magini yakan murza yumɓu ya yi igiya, ya riƙa naɗa ta zobe a kan zobe har jikin ya tashi, cikinsa wayam. Sai ya sa wuƙa ya yanke idanu da baki, a gasa. Abin da ke fitowa bututu ne mai kai da hannuwa. Babu faɗin kafaɗa, babu ƙugu, babu damtse. Jikin mace da na namiji daga gini ɗaya suka taso, don haka dole magini ya nemi wata hanyar da zai gaya wa mai kallo wane ne wane.

Hanyar farko gashi ce. Mace, an tattara gashinta sama, an ninke shi gaba da baya, an ɗaure a tsakiya, ya kwanta shimfiɗe kamar an ɗora mata ƙaramin allo a ka, sau da yawa da mataji soke ta wajen goshi. Namiji kuwa an tsaga gashinsa a tsakiya, an tara shi gefen kunnuwa biyu an ɗaure. Wannan ɗauri shi ake kira mizura, kuma har matsayi yake faɗa: idan ya sauko zuwa kafaɗa babban mutum ne, idan ɗan guntu ne a dunƙule daidai kunne to bara ne, ko manomi, ko mai kula da doki. Kada ki dogara da 'yan kunne ko duwatsun wuya, domin maza da mata duk suna sawa. Haka jan fentin da ake shafa wa fuska, kowa yana da shi. Ƙirjin mace, a gafarce mu, akan nuna shi, amma da 'yan ƙananan dunƙulen yumɓu biyu da aka manna a kan riga, alama kawai.

Sai ki dubi ƙafafu. Babban namiji akan yi shi cikakke tun daga kai har tafin ƙafa, da wando mai faɗi an ɗaure shi da igiya a ƙasan gwiwa. Wanda ya fi shahara a cikinsu mayaƙi ne da aka haƙo a birnin Ota na lardin Gunma, tsawonsa santimita 130. Yana sanye da kwalkwali mai rufe kumatu da sulke na ƙananan faranti da aka saƙa da igiya, hannun dama a kan takobi, na hagu riƙe da baka, kwari a baya, har ƙullin igiyoyin sulken ana iya ƙirgawa. A 1974 Japan ta sa shi cikin taskokin ƙasa mafi daraja. Duk wannan ƙoƙari a kan kaya aka yi shi. Fuskar da ke leƙowa ta cikin kwalkwalin, 'yan tsagun idanu ne biyu da siririn baki, ba ta nuna fushi ko jarumta.

Mata galibi rabi ake yin su, daga kai zuwa bakin siket, sauran bututu ne da ake kafawa a ƙasa. Waɗanda aka yi cikakku kaɗan ne, shi ya sa ake ji da wata da aka samu a Isesaki, ita ma a Gunma, mai riga mai zanen igiyar ruwa da dogon siket mai ratsi, ta sha ado wuya da hannu da kunne. Akwai wata kuma daga garin Oizumi, zaune a kan doguwar kujera, da faffaɗan mayafi da ya ratsa daga kafaɗa zuwa ƙugu, duwatsu har a idon sawu, ga madubin tagulla mai ƙararrawa rataye a ƙugunta. Irin wannan shigar ce ta sa ake ɗaukarta mai jagorantar al'amuran bauta.

Abu na ƙarshe shi ne abin da ke hannu. Maza sun rarrabu kan sana'o'i: mai garkuwa, mai kiɗan molon da ake ɗorawa a cinya, mai farauta da shaho a hannu, ɗan kokawa da bante, manomi da fartanya a kafaɗa. Mata mafi yawansu ƙoƙo ko tulu suke miƙawa da hannu biyu. Akwai waɗanda suka fita daga wannan layi. A kabarin Kabutozuka na lardin Tochigi an samu mata biyu zaune suna saƙa a kan masaƙa. A Hitachinaka an samu mai shayar da jariri, a kabarin Niwatorizuka kuma an samu mai goyo. A wannan kabari na Niwatorizuka ne aka samu mace tsirara da aka bayyana al'aurarta, kuma akwai maza irin haka a wasu wurare. Amma waɗannan kaɗan ne ƙwarai a cikin dubbai, kuma ƙarancinsu ya ƙara nuna cewa a al'adar maginan, sutura da gashi da aiki su ke faɗin jinsi.

Inda alamun suka ɓace, ko masana sukan sake shawara. Akwai wasu biyu da aka haƙo a 1930 a kabarin Nohara na lardin Saitama, baki buɗe, kowane ya ɗaga hannu ɗaya. Shekaru da yawa ana kiransu masu rawa, ana cewa dogon mace ce, gajeren namiji. Da aka dubi gajeren da kyau, ga guntun ɗaurin gashi a kunnuwa, ga lauje soke a ƙugunsa ta baya, irin shigar masu yanko wa doki ciyawa. Yanzu masana da dama suna ganin masu jan doki ne, hannun da aka ɗaga linzami yake riƙe da shi.

Wasiƙa ta biyu daga Zariya take, daga wani malamin makarantar sakandare, kuma ta ɗora daidai inda muka tsaya. Ya ce: "Na karanta cewa matan haniwa kullum abinci ko abin sha suke miƙawa. Shin wannan na nufin matan Japan na wancan zamani 'yan hidima ne kawai, mulki na maza ne?"

Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi ɗaukar hankalina a cikin duk wasiƙun yau. Wanda ya tsaya kan abin da ke saman tudu zai iya cewa haka ne. Abin da ke cikin tudun ya faɗi wata magana dabam.

A 1967 aka buɗe kabarin Mukonoda a birnin Uto na lardin Kumamoto. Tsawonsa mita 86, na ƙarshen ƙarni na 4, babban kabari ne a yankinsa a wancan zamani. A cikin akwatin dutse an tarar da ƙasusuwan mutum guda, tare da madubai uku na tagulla da duwatsun ado da awarwaro, ga takubban ƙarfe jere a gefen akwatin. Ƙasusuwan na mace ne mai shekara 30 da ɗoriya. Ba matar wani aka kwantar kusa da mijinta ba, don ita aka tara wannan ƙasa. Farfesa Seike Akira na Jami'ar Okayama ya bi irin waɗannan kaburbura ɗaya bayan ɗaya, ya kiyasta cewa a farkon zamanin kofun kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na shugabannin da aka binne mata ne. Ya kuma nuna cewa ƙashin ƙugun da yawansu yana ɗauke da alamar sun taɓa ɗaukar ciki, ke nan ba keɓantattun mata ne da aka hana aure don bauta ba, iyaye ne masu mulki. Kafin shi, marigayi Tanaka Yoshiyuki na Jami'ar Kyushu ya auna haƙoran mutanen da aka binne a kabari ɗaya, ya gano cewa a farkon zamanin mace da namijin da ke kwance tare yawanci 'yan'uwan jini ne, wa da ƙanwa ko ya da ƙane, ba miji da mata ba.

Rubutaccen tarihi ma ya yi daidai da haka. Littafin tarihin daular Wei ta ƙasar Sin, wanda aka rubuta a ƙarshen ƙarni na 3, ya ba da labarin sarauniya Himiko, wadda ta aika jakadu Sin aka ba ta hatimin zinariya da madubai 100 na tagulla, ƙanenta yana taya ta tafiyar da ƙasa. Da ta rasu wajen shekarar 248 aka naɗa namiji, jama'a suka ƙi bi, aka yi ta kashe-kashe, ƙasa ba ta lafa ba sai da aka naɗa wata 'yar danginta mai shekara 13.

To me ya sauya? Akwai wani abu da Seike ya lura da shi: ana binne mata da takobi da mashi, amma ba a sa musu sulke ko kibiya. Jagorancin yaƙi na maza ne tun asali. A ƙarni na 5 Japan ta shiga harkar yaƙi da siyasar Koriya dumu-dumu, ƙarfe da dawaki suka shigo da yawa, sarakunanta suka riƙa aika wa Sin takardu suna neman a ba su muƙamin janar, kamar wadda sarki Bu ya aika a 478. Da sarauta ta zama ta mai sulke, sai mata suka ragu a manyan kaburbura, gado ya karkata wajen uba. Kuma a daidai wannan ƙarni ne aka fara yin haniwa mai siffar mutum. Ke nan hoton da yumɓun ya ɗauka na zamanin da mulkin mata ya riga ya ja baya ne, shekara 200 da suka gabace shi babu mutum-mutumin da ya tsaya musu shaida, sai ƙasusuwa.

Ko a cikin haniwar ma, ban yarda a kira waɗannan mata 'yan hidima a wuce ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin haniwa masu siffar mutum kan mace ne, an same shi a kabarin Daisen. A kabari na 4 na Tsukamawari a Gunma akwai mace tsaye riƙe da takobi. A Watanuki Kannonyama, shi ma a Gunma, an zaunar da namiji mai haɗe da tafukan hannu, aka zaunar da mace tana fuskantarsa, ga 'yan mata uku a kan dandamali ɗaya a gefensu, duk wanda ya ga jerin ya san a kan waɗannan biyu bikin ya rataya. Har dawakai aka samu masu ɗan katakon ɗora ƙafa a gefe guda na sirdi, na mai hawa a karkace, wanda ake ganin na manyan mata ne. Miƙa ƙoƙo ga sarki a wajen bikin bauta aiki ne na mai matsayi. Sannan a tuna, a ƙarshen shekarar 592 Suiko ta hau gadon sarautar Japan, kuma daga ita zuwa 770 mata shida suka yi sarauta, biyu daga cikinsu har sau biyu. Dokar gidan sarauta ta 1947 da ake aiki da ita yau ta keɓe gadon ga maza kaɗai.

Daga Kumasi wani dattijo ya rubuto yana tambaya game da haniwa: "Da gaske ne an ƙirƙiro su ne don a daina binne bayi da rai tare da sarki?"

Baba, labarin yana nan a rubuce, a littafin tarihin Nihon Shoki da aka kammala a 720. Ya ce a zamanin sarki Suinin ɗan'uwansa ya rasu, aka binne barorinsa da rai kewaye da kabarin, suka kwana suka yini suna kuka kwanaki kafin su mutu, karnuka da hankaki suka ci gawarwakinsu. Abin ya taɓa zuciyar sarki. Da matarsa Hibasu-hime ta rasu, wani mai suna Nomi no Sukune ya kira magina 100 daga Izumo suka yi mutane da dawakai na yumɓu aka kafa a madadin masu rai.

Kunne ya girmi kaka, amma a wannan magana haƙa ƙasa bai gaskata labarin ba. Haniwa na farko bututu ne zalla, kuma asalinsu daga wasu dogayen mazaunan tulu ne da mutanen yankin Kibi, Okayama ta yau, ke ɗora hadaya a kai wajen jana'iza. A ƙarni na 4 aka ƙara gidaje da garkuwa da laima da kwari. Mutane sai a ƙarni na 5 suka bayyana, su ne kusan na ƙarshen zuwa. Da don maye gurbin bayi aka yi su, da su za a fara. Masana da yawa suna ganin zuriyar Haji, masu kula da jana'izar sarakuna, waɗanda ke cewa Nomi no Sukune kakansu ne, su suka riƙe labarin don ɗaukaka gidansu. Duk da haka bin mamaci ba baƙon abu ba ne a can. Littafin Wei ya ce bayi fiye da 100 aka haɗa da Himiko, kuma dokar da aka kafa a 646 ta hana mutum ya shaƙe kansa ko ya shaƙe wani ko a kashe dokin mamaci don raka shi.

Amfanin jerin mutanen kuwa, kabarin Imashirozuka a Takatsuki ya nuna shi fili. Ana ganin na sarki Keitai ne da ya rasu wajen 531, kuma da yake ba ya cikin kaburburan da hukumar gidan sarauta ta hana taɓawa, an samu damar haƙa shi. An tarar da haniwa fiye da 200 a wani fili mai tsawon mita 65, gidaje da shinge da ƙofofi, mata masu ɗaga hannu, 'yan kokawa, mayaƙa, dawakai da tsuntsaye, kowa a muhallinsa. Wasu na karanta shi a matsayin zaman makoki, wasu bikin miƙa sarauta, wasu kuma fadar sarki ce aka sake ginawa don a tuna yadda ya rayu.

Wata baiwar Allah daga Garwa ta ce ita waɗanda ta gani manyan idanu gare su da faffaɗan ƙugu, shin su ne haniwa?

Hajiya, waɗancan sunansu dogu, na wani tsohon zamani ne da ake kira Jomon, kuma sun girmi haniwa nesa ba kusa ba. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu, wanda aka samu a lardin Shiga, ya kai shekara 13,000, tsawonsa santimita 3 kacal, kuma ƙirji ne da ƙugu kawai, ba fuska ba hannu ba ƙafa. Kin ga akasin haniwa ke nan, a dogu jikin shi ne maganar. Wata mai santimita 27 da aka haƙo a Chino a 1986 ciki gare ta turtsetse, da ƙugu mai faɗi. Yawancin dogu a farfashe ake samunsu a kufai da juji, a wani wuri mai suna Shakado kaɗai an tattara guda 1,116, don haka ba kayan kabari ba ne a asali, ko da yake an samu kaɗan a kaburbura. Ba kuma dukkansu ne ke fayyace jinsi ba. Akwai wani da wata manomiya ta ci karo da shi a gonar dankali kusa da Hakodate a 1975, yana da layin da ke sauka ta tsakiyar ciki irin na masu juna biyu, yana kuma da zane a haɓa mai kama da gemu.

Wani ɗan'uwa daga Yamai ya tambaya ko haniwa suna da dangantaka da mutum-mutumin yumɓu na Bura a Nijar da na Nok a Najeriya. Babu dangantakar tarihi, kowa nasa ya ƙirƙira. Kamar da ke akwai ta sana'a ce: na Nok ma da naɗin yumɓu aka gina su, ciki wayam, an huda idanu da hanci, kuma sun girmi haniwa da ɗaruruwan shekaru. Na Bura a yankin Tera, inda haƙar 1983 ta fito da tuluna wajen 630 a maƙabarta, wasu da kawunan mutane wasu da mahaya dawaki, su suka fi kusa da haniwa ta fuskar aiki da zamani.

Ya ƙara da tambayar dalilin da ya sa aka daina yin haniwa. A ƙarni na 6 addinin Buddha ya shigo daga Koriya, manya suka fara zuba dukiyarsu a ginin wuraren ibada maimakon tudun ƙasa. A yankin Nara da Osaka aka fara rage haniwa, gabashin ƙasar ya ci gaba da yi har wajen shekarar 600, shi ya sa kuka ji sunan Gunma yana ta dawowa a shirin nan. Dokar 646 ta ƙayyade girman kabari gwargwadon muƙami, a 703 kuma aka ƙona gawar sarauniya Jito, ita ce ta farko a sarakunan Japan da aka yi wa haka.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun da ke jaka, ciki har da masu tambaya kan takubban Japan, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A ci gaba da rubuto mana, a kuma riƙa faɗin garin da ake sauraronmu. Mu kwana lafiya.